Sai Rabina Ya Duba

"Ku fitar da wannan keken daga ɗakina!"

Ina shanya a tsakar gidanmu na ji muryar Baba Saje ta tsallako katanga, na yar da bokitin na zagaya. Na tarar da Auta, 'yarsa kuma ƙawata, tsaye a bakin ƙofa riƙe da keken guragun da ta aro daga asibiti, hawaye na bin fuskarta. Shi kuma yana kishingiɗe a gadonsa na ƙarfe, ya ɗora ƙafar hagu a kan filo. Bandejin ya yi rawaya. Turaren da Auta ta kunna bai iya danne warin ɗakin ba.

"Baba, likita ya ce in ba a yanke ta ba, za ta tafi da kai."

"Likitan ya taɓa taka ƙasa da kaya a bayansa? Yaron da ko bene sai na'ura ta hau da shi. Ba mai yanke hukunci a kan ƙafata sai rabina ya duba."

Auta ta kalle ni, na kalle ta. Wannan maganar muke ji tun farkon ciwon. Mama, matarsa, ta rasu tun muna sakandare, hotonta na nan a bango kusa da madubi. Duk unguwa an fahimta iri ɗaya: tsoho na kewar matarsa, yana so ya bi ta. Mata har ƙwalla suke yi in an maimaita. Ni kuwa da na sha littattafan soyayya har suka fito min ta hanci, gani nake ban taɓa jin magana mai daɗi kamar wannan ba. Amma daɗin magana ba ya tsayar da ruɓa. Ciwon suga ya ci babban yatsa, ya haye tafin ƙafa, yana neman idon sawu.

Baba Saje tsohon sojan ƙasa ne, irin waɗanda ba su da tanka ba su da mota, duk abin da za su yi yaƙi da shi a bayansu yake. Muna yara yakan jera mu a dakalin ƙofar gidansa ya ce, "Mu ne inda mota ta ce ta gaji, sai mu ce sannu da aiki, mu wuce." Takalmansa na soja suna ƙarƙashin gado, baki na kallon ƙofa, ko da ya daina iya sa su bai daina goge su ba.

Limamin unguwa ya zo ya yi masa magana. Mai kemis ya zo. Yayyen Auta sun yi ta kira a waya har suka koma faɗa da ita, wai ta cika sanyi. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina dafa masa abinci na yini guda, da yamma ta kai masa tana ba shi haƙuri. Amsa ɗaya ce: sai rabina ya duba.

"To Mama za ta taso ta duba ne?" Auta ta taɓa ce min a kicin, tana dukan tukunya da ludayi. "Wallahi wani lokacin ji nake kamar in ɗaure shi in kai shi."

Ana cikin haka Yayana ya zo hutu. Shi ma soja ne, amma na runduna ta musamman, waɗanda ko mu ba ya gaya mana inda yake. Da hantsi ya shiga gaishe da tsohon, ya tsaya ƙam ya sara masa.

"Ah, 'yan gata!" in ji Baba Saje, fuskarsa ta washe a karon farko cikin makonni. "Ku ne jirgi mai saukar ungulu ke ajiyewa a bakin aiki, ya dawo ya kwashe ku kafin shayinku ya huce."

"Baba, ai mu ma muna tafiya."

"Kuna tafiya zuwa jirgi. An ce har tabarau gare ku mai gani cikin duhu?"

"Akwai. Da rediyo a kunnen kowa."

"Mu rediyo ɗaya ce, wani bawan Allah ke goyon ta kamar jariri. Ga mashin-gan, ga jigidar harsashi a wuya, ga gorar ruwa, ga shebur na haƙa rami. Ku ku shiga, ku ɗauko mutum ɗaya, ku fito, a yi muku tafi. Mu mu zauna a kan tudu har damina ta ƙare, ba wanda ya san sunanmu."

Yaya ya yi dariya, sai idonsa ya faɗa kan bandejin, dariyar ta tsaya. Ya ce, "Baba, me ake jira da wannan?"

"Rabina."

Na buɗe baki zan yi masa raɗa cewa Mama yake nufi, sai na ji Yaya ya ce, hankali kwance, "To ina yake yanzu? Yana raye?"

"Yana gadi a ma'ajiyar katako, bayan tashar mota."

Kofin da ke hannun Auta ya faɗi.

Yaya ne ya yi mana bayani a soro, yana mamakin yadda ba mu sani ba. A irin bataliyar su Baba, biyu-biyu ake haɗa sojoji. Su raba kaya, ɗaya ya ɗauki bindigar, ɗaya harsashinta. Duk inda aka yada zango, kafin a ci komai, kowa zai cire takalmi abokinsa ya duba masa ƙafa, don soja ƙarya yake yi a kan ƙafarsa, tsoron kada a bar shi a baya. Abin da abokin ya faɗa shi ne magana. Shi suke kira rabina.

Auta ta koma ɗakin kamar guguwa. "Baba! Mutum yana bayan tasha, ka bar mu muna ta kuka a kan Mama? Me ya hana ka ce mu kira shi?"

"Wa ya tambaye ni?" Ya kau da kai wajen bango. "Kuma soja ba ya kai ƙarar ƙafarsa. Zuwa ake yi a duba."

Kafin azahar Yaya ya dawo da wani tsoho siriri, gajere, da hular sanyi a ka duk da zafin rana. Kofur ake ce masa. Bai ko gaishe mu ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kai, ƙaton banza. Har yanzu kana nan?"

"Ina zan je, ban karɓi safata da ka sace ba?"

"Safar da ta fi ramin ɓera huji? Miƙo ƙafa."

Baba Saje, da likitoci suka yi ta lallashi, ya miƙa kamar yaro. Kofur ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya warware bandejin a hankali. Bai toshe hanci ba. Ya danna sama da idon sawu, ya danna ƙwauri, ya bi wani jan layi da yatsa har gwiwa. Sannan ya ɗago kai.

"Wannan ta gama aiki, Saje. A cire ta."

"To," in ji Baba Saje. "Auta, kawo keken."

Shi ke nan. Abin da muka yi wata da watanni muna roƙo, kalma ɗaya. Na rasa ko dariya zan yi ko ihu.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoto, likitan ya ja Auta gefe a baranda. Ina kusa da ita, na ji abin da ya ce. Dafin ya shiga jini, zuciyarsa ba za ta ɗauki aikin ba. Da an kawo shi tun farkon watan jiya, in ji shi, ya bar maganar a nan. Auta ta zauna a ƙasa, a kan siminti, tana maimaita, "Bayan tasha. Bayan tasha kawai."

Kofur bai koma wurin gadinsa ba. Ya zauna a kujerar roba a gefen hagu na gadon, yana jiƙa masa leɓe da ruwa, suna zagin juna ƙasa-ƙasa. Wata safiya na shiga da fulas, na ji Baba Saje yana cewa, "Ka yi latti, Kofur."

"Na yi latti. Ina ganin kamar kai ƙarfe ne."

"In na kasa, wa zai ɗauki kayana?"

"Wa ya saba ɗauka?"

Da la'asar ɗin ranar Baba Saje ya cika, ɗayar ƙafar mai lafiya tana cikin tafin hannun Kofur.

Bayan an yi jana'iza an watse, Auta ta ce wa Kofur ya ɗauki abin da yake so a ɗakin Baba. Bai dubi lambobin yabon da ke cikin gwangwani ba. Ya sunkuya ya jawo takalman daga ƙarƙashin gado, ya ƙulle igiyoyinsu wuri guda, ya rataya a wuya. Yaya ya buɗe masa ƙofar mota.

"Bar shi, ɗana. Tasha ce kawai."

Muka tsaya a dakali muna kallonsa. Layin namu matsattse ne, amma sai ya raɓe jikin katanga ta hagu, ya bar rabin hanyar ba kowa, kamar akwai mai tafiya a damansa. Takalman suna bugun ƙirjinsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ya sha kwana.