Faifai Na Arba'in Da Ɗaya

A shekarar 1961 aka kawo Hamisu daga Kano zuwa wani ƙaramin gidan rediyo a Maiduguri, aka ɗora masa aikin da kowa yake gudu. Doka ce ta zo daga Ikko: duk faifan da aka sa, sai an rubuta sunan waƙar da sunan mai ita da tsawonta. Ƙarshen wata a aika da takardun, can su fitar da haƙƙin masu waƙa. Faifan da ba a san mai shi ba kuwa, ba a biyan komai a kansa sai ran da mai shi ya bayyana.

Akwai irin wannan guda ɗaya, lamba arba'in da ɗaya. Takardar tsakiyarsa ta ɓare, gara ta cinye jakarsa. Wata mace ce take rerawa da Kanuri, babu ganga babu algaita, sai tafi jefi-jefi. Mista Jonathan, shugaban gidan, yana son faifan don kyauta ne, mutanen gari kuma suna son muryar. Kullum bayan azahar sai an sa shi, ya fita ta akwatunan rediyo na gidaje da lasifikar bakin kasuwa. Kullum Hamisu ya rubuta: ba a san mai ita ba.

Wata Laraba wani dattijo dogo ya zo ya zauna a bencin ƙofa tun hantsi. Baduku ne daga unguwar Gwange, sunansa Babakura, yatsunsa duk jan rini. Da Hamisu ya fito suka gaisa, sai dattijon ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Malam, matar da kuke sawa bayan azahar, ina kuke ajiye ta?"

"Ai faifai ne, Baba."

"Na san faifai ne. Matata ce, Kellu. Shekara takwas ke nan da na binne ta a Konduga."

Hamisu ya zauna kusa da shi. Babakura ya ce wani baƙo ne ya zo da na'ura a mota ranar wani suna, ya ji Kellu tana waƙa, ya ce ta maimaita a gaban ƙarfensa, ya ba ta kallabi. Wata huɗu bayan nan zazzaɓi ya tafi da ita. Shi ya sa ya taso ya dawo birni, inda babu abin da zai tuna masa. Sai bana, yana ɗinkin takalmi a rumfarsa, ya ji ta a saman kansa. Ya nuna wa Hamisu tabon da basilla ta yi masa a tafin hannu ran nan.

"Na gwada zama a masallaci har la'asar," in ji shi. "Ta bango take shigowa. Na yi mata addu'a, na bar ta ta kwanta. Ku kuna tashin ta kullum."

Hamisu ya kai maganar wurin Mista Jonathan. Mutumin ya ce, "Ba ni da dalilin cire shi, Hamisu, jama'a suna aiko da takarda suna nema. Amma in an rubuta sunanta, magajinta ya dangwala, ya zama faifan da ake biya. Ka san ba mu da kuɗin ƙara wani irinsa. Zai koma ma'ajiya."

Hamisu ya fito ya faɗa wa dattijon yadda abin yake. "Za a aiko maka da ɗan abin da ya samu. Sai dai ba za ka ƙara jin ta ba, Baba. Ko a ina."

"Abin da na zo nema ke nan."

Doka ta ce sai magaji ya saurari faifan daga farko har ƙarshe a gaban shaidu biyu. Suka shiga ɗakin sa faifai, Nasidi mai kula da na'ura ya goge faifan da hannun riga, ya ɗora allura. Babakura ya ƙi kujera. Ya tsaya yana kallon bango, leɓɓansa suna motsi tare da muryar.

A kullum Nasidi yakan rage sauti kafin ƙarshe, domin akwai hayaniya a wurin. Wannan karon ya bar shi. Tana tsakiyar baiti sai muryar namiji ta shigo daga nesa, da ɗan faɗa-faɗa. Waƙar ta yanke. Matar ta yi dariya, ta faɗi wata magana gajera, daga nan sai shuuu ɗin allura.

Babakura ya dafa tebur. Sai da Nasidi ya ɗage allurar sannan dattijon ya yi magana.

"Ni ne wancan."

Ya nuna faifan da yatsa, ya ci gaba.

"Na ce mata ya isa haka, ta taso mu tafi gida, rana ta yi."

Hamisu ya ce a hankali, "Ita kuma me ta ce?"

"Ta ce saura baiti ɗaya." Ya share fuska da bakin rawaninsa. "Wallahi na manta na yi haka. Shekara takwas ina gaya wa mutane ban taɓa hana ta waƙa ba."

Hamisu ya rubuta sunan Kellu a layin da ya saba barinsa babu suna. Babakura ya dangwala. Ya kai ƙofa sai ya juyo.

"Malam, baitin da ya rage fa? Ko yana bayan faifan?"

Nasidi ya juya shi ya sa. Wani mai algaita ne, daga wani gari daban. Dattijon ya saurara kaɗan, ya gyaɗa kai, ya yi sallama.

Tun daga ran nan faifan ya koma ma'ajiya. Bayan wata biyar ambulan ya iso daga Ikko da sunan Babakura, Hamisu ya hau keke ya kai Gwange da kansa. Ya tarar da tela a rumfar. Wata maƙwabciya mai sayar da ƙosai, Inno, ta ce ai baduku ya tashi tun kafin damina, bai faɗi inda ya nufa ba. Ta ce makonnin ƙarshe ya daina zuwa ɓuya a masallaci. Da an sallame azahar sai ya tafi ya tsaya ƙarƙashin lasifikar kasuwa, cikin rana, har a gama shirin, sannan ya koma ɗinkinsa.

Hamisu ya mayar da ambulan inda ya fito. Ya ƙara shekara biyu a Maiduguri, har ya iya Kanuri daidai ciniki da gaisuwa. Duk tsohuwar da ya ji an ce 'yar Konduga ce, sai ya rera mata farkon waƙar, ya tambaye ta ƙarshen. Da yawa sun san farkon, daga rediyo suka koya. Ɗaya ce kawai ta ce ta san Kellu, tare suka yi ɗiban ruwa suna 'yan mata. Ta ce waƙar ba ta gado ba ce, Kellu ce ta haɗa abinta, kuma ranar sunan nan ce rana ta farko da ta rera ta a gaban mutane.