Kwalekwalen Magariba

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya dire ni a wata ƙasa wadda duk tsibirai ce, birjik a cikin teku kamar an watsa wa kaji tsaba. Kuma da azumi a bakina. Ni kuwa kowa ya san ba na wasa da shan ruwa, tun la'asar nake fara hararar rana.

A bakin ruwa na tarar da wata tsohuwa, Inna Yalwa, tana suyar ƙosai. Duk wanda ya soyu da kansa yake fitowa ya hau faranti.

Na ce, "Inna, an kusa shan ruwa kuwa?"

Ta ce, "Haba ɗan nan, mu nan yamma ko azahar ba a kawo mana ba."

"Kawo muku ake yi?"

Sai ta warware mini. Ƙasar ta cika faɗi, lokaci ɗaya ba ya isar ta, shi ya sa hukuma ta ja igiya biyu a kan teku ta raba ta gida uku: gabas, tsakiya da yamma. Magariba kuma guda ɗaya ce tak, a kwalekwale ake zagayawa da ita. Gabas ake fara shimfiɗa wa, in sun gama a naɗe a kai tsakiya, 'yan yamma su ne na ƙarshe.

Na ce ashe abin mai sauƙi ne. Ina dalilin zaman jira, ga hannu ga kwalekwale? Na ari nata na nufi gabas, tana ta ƙwala mini kira ban ko waiwaya ba.

A tsakiyar teku ruwan sama ya tsuge, daga ƙasa yana yin sama. Ta gaban hancina yake wucewa, sanyi ƙalau, ni kuma maƙogwarona ya bushe ƙamas. Na datse baki. Wallahi na ji haushin ruwan nan.

A igiyar farko wata ƙaguwa ce ke gadi. Ta ɗaga mini igiyar ta ce, "Sunkuya, Malam, kada hularka ta taɓa lokaci." Na sunkuya. Da na kusa ta biyu sai ga wani kwalekwale ya nufo yamma, ɗauke da wata ƙatuwar baƙar tabarma a naɗe. Matuƙin ya ɗago mini hannu, na ce masa sannu da aiki, kowa ya kama gabansa.

Sai ga ni a gabas, hantsi ya dubi ludayi, mata suna shara. Na faɗa ofishin rabon lokaci. Shugaban wani jan bunsuru ne, Malam Jatau, yana zaune yana taunar hannun agogon bango.

Na ce, "Ranka ya daɗe, magariba na zo tara."

"Ai ta tafi. Ba ku haɗu a hanya ba? Baƙa ce, a naɗe."

Na ce, "To nan yanzu wane lokaci ne?"

"Nan gobe ce."

"Azumina fa?"

"Wanne? Na jiya ko na yau? Biyu ne a bakinka yanzu."

Na zube a ƙasa, idona ya kawo ruwa, na ce ni dai garaje ya kashe ni. Malam Jatau ya daina tauna ya dube ni. Ya sa kofato ƙarƙashin tebur ya jawo wani baƙin ƙyalle wanda bai fi ɗankwali ba.

Ya ce, "Guntun magariba ne, wajen naɗewa ya yage. Ta kwana, amma ba ta lalace ba. Mutum ɗaya take rufewa, kada ka gaya wa 'yan tsakiya."

Na yafa a ka. Nan take rana ta faɗi, ni kaɗai. Jemagu suka fara shawagi a gefen kunnena, sauran gari kuwa ana ta hantsi. Daɗi ya kama ni har na yi dariya. Ya turo mini moɗa cike da zoɓo, ƙanƙara tana iyo a kai. Na yi bisimilla, na kai baki.

Sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi, ƙararrrr.

Na buɗe ido, rana ta shigo ɗaki. Ga kwanon sahur ɗina a rufe, ko taɓa shi ban yi ba. Matata Lantana ta leƙo ta ce, "Na tashe ka har na gaji, Malam. Allah ya kai mu magariba."