Rimin Hadjo a Bangon Komite

Soumaïla, autana, tun yana ƙarami ba ya ganin farin bango ya ƙyale. Da gawayi ya fara. Da rebolisiyo ta zo, juyin juya halin nan, sai 'yan komite na Parakou suka ba shi bangon ofishinsu, wai ya zana mutum ya baro daji ya shigo gari.

Shekarar ce ake farautar mayu. Itacen da aka gani da farin ƙyalle, a sare. Tsohuwar da aka tarar a gindinsa, a jefa ta mota.

Na zo daga Djougou da goro, na ce bari in leƙa aikin. Ga mutumin nan ƙato, ƙafa ɗaya kan kwalta, ɗaya cikin ciyawa, ba ka sanin shigowa yake ko komawa. Bayansa rimi. Ni ko na san rimin. Na Kolokondé ne, mai karyayyen reshe, ga ƙyallen a ɗaure, ga 'yar tsohuwa a gindi tana dakan saiwa.

"Soumaïla, wace ce wannan?"

"Inna, ai ado ne."

"Adon gidanku. Hadjo ce. Har tsagen fuskarta ka sa."

Hadjo, mai kula da rimin, ba ta salla. Amma ranar haihuwar wannan shashashan, da ya zo a gicciye, ita ta sa hannu ta juya shi. Irin wannan ba na mantawa.

"Inna, in na cire ta, mutumin ba shi da inda ya fito."

"Shafe ta, ko ni in shafe ka."

Bai kai ga taɓa fentin ba sai ga delege, shugaban komiten. Ya tsaya ya yi ta kallo.

"Ya yi kyau, kamarad. Ina itacen nan yake?"

Na riga yaron baki. "Daga kansa ne, ranka ya daɗe. Tun yaye ba shi da cikakken hankali."

"An daina ranka ya daɗe, Hajiya." Ya ɗora yatsa kan reshen. "Ni ɗan Onklou ne. Ta gindinsa muke bi mu je kasuwa."

Nan na bar goron, na hau kamiyon doya zuwa Kolokondé. Na tarar da Hadjo tana shanya ganye.

"Tashi. Ga mayafi, ga carbi. Daga yau ke ƙanwar mijina ce daga Gaya, kuma kurma ce."

"Wa zai riƙa zuba wa rimin ruwa?"

"Mai yin ruwan sama. Tashi!"

Ta biyo ni Djougou, na sa ta ɗakin baya. Da labari ya zo an sare rimin, ban gaya mata ba. Ita ma ba ta tambaya ba, daka dai ta daina.

Delege ya hana a taɓa zanen. Direbobinmu kuma kullum ta Parakou suke bi, ga fuskarta a bango.

Awalu direba ya shigo gaisuwa, Hadjo ta fito da buta. Ya bi ta da ido.

"Hajiya, kamar na san fuskar nan."

"Awalu, wa ya je ya roƙo maka matarka lokacin da ta yi yaji?"

Ya sunkuya. "Ban ga kowa ba, Hajiya."

Shi kam na riƙe shi. Amma direbobi na da yawa a tashar nan, kuma ba kowa na yi wa rana ba.