Hoton Zuciyar Eskild

Sau biyu tsohuwar na'urar asibiti tana ɗaukar hoton zuciyar Eskild, sau biyu yana fitowa dishi-dishi, wai zuciyar ta cika gaggawa. Gogan naka kuwa ya mai da abin tutiya, shi ne wanda na'ura ta kasa kamawa. Matarsa Gunvor ce ta yi ta mita har aka saka shi a sabuwar da aka kawo, wadda kafin zuciya ta buga sau biyu ta gama leƙa kowace jijiya.

Ranar Asabar da safe sakamakon ya shigo wayarsa, yadda ake turo wa kowa, ko likita ya yi bayani ko bai yi ba. Ganin likita sai Talata. Wayar tana hannun Gunvor tare da tawul, don suna kan gadar katako a bakin teku, inda Eskild da abokansa suke shiga ruwa mai sanyin ƙanƙara su yi iyo duk mako, shekara ashirin da biyu ke nan.

Rabin rubutun yaren likitoci ne. Amma ta gane "babbar jijiya", ta gane "ta toshe kashi tamanin cikin ɗari". Ta dubi ruwan, ta tuna yadda sanyinsa yake girgiza zuciya.

"Eskild, kar ka shiga. Zo ka gani."

Ya karanta yana rawar ɗari, daga shi sai gajeren wando.

"Sun ce in zo yau?"

"Ba su ce ba."

"To, da abin ya kai, ai da sun kira. Ba sakarkaru ba ne."

Daga cikin ruwa abokinsa Thorkild ya ɗaga murya. "Kai tsoho, izini kake nema? Gunvor, sakar mana shi, za mu dawo miki da abinki!"

Ta buga wa sashen zuciya na asibitin waya. Muryar da aka naɗa ta ce sai Litinin, mai ciwon ƙirji ya kira motar asibiti. Eskild ba ya jin ciwon komai. Ta rasa wanda za ta kai wa ƙara, ta ji haushin kanta da ta matsa aka ɗauki hoton, ta kuma ji kunyar wannan haushin.

"Don Allah," ta ce. "Yau kaɗai."

Ya sumbaci goshinta da leɓɓansa masu sanyi. "Minti ɗaya, uwar tsoro."

Ya kama tsani ya fara sauka. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ta ji ya ja numfashi da ƙarfi. Gunvor ta matsa har ƙarshen katakon, ta ƙura wa farin gashinsa ido. Ita ba ta iya ruwa ba.