Teburin Herminia Ya Hau Bene da Igiya

Herminia Quiroga ta auna komai kafin ta sa hannu a takardar haya. Tela ce, shekara talatin da biyar tana ɗinka rigunan rawar tango, awo kuwa a jininta yake. Ta auna falon, ɗaki guda fetal babu bangon da ya raba shi, a hawa na biyar na wani tsohon sito da ke titin Corrientes, tsakiyar Buenos Aires. Ta auna tagogin nan uku masu tsawon mutum biyu. Ita da ta ƙarar da idonta a wani shago mai duhu a unguwar Once, ganin hasken wurin kaɗai sai da ya sa ta ƙwalla. Abu ɗaya gwanar awon ta manta, matakala.

Teburin da take yanka yadi a kai mahaifinta ne ya sassaƙa shi da katakon algarrobo, falle ɗaya, mita uku da rabi, ba ya kwancewa. Shi kaɗai ya bar mata. Ranar tashi teburin ya ce atafau ba zai sha kwanar farko ta matakalar ba. Lif ɗin kuwa keji ne da mutum biyu ke shiga suna riƙe numfashi.

"Doña Herminia, a kawo zarto kawai," in ji Tano, ƙaton cikin masu kwasar kayan. "A raba shi biyu, kafinta ya haɗa miki a sama. Ko ke ba za ki gane ba."

"Kai za a fara rabawa biyu," ta ce.

Shugabansu Don Evaristo, tsoho siriri mai hannu kamar itace, ya zuƙi shayinsa na mate, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ginin.

"Ta taga zai shiga. Ku ajiye shi a zaure. Lahadi, ƙarfe biyar."

"Lokacin wasan?" Tano ya zaro ido. "Kai da ka je coci auren 'yarka da rediyo a kunne?"

"Sakarai, yaushe ka taɓa ganin Corrientes babu mota in ba lokacin ba?"

Haka kuwa aka yi. Ranar Lahadi manyan ƙungiyoyin ƙwallon birnin biyu suka kara, titin da ba ya rabuwa da hayaniyar bas ya yi tsit. Tano da mutum biyu suka hau rufi suna jan igiyar da aka ɗaure teburin da ita. Don Evaristo ya tsaya ƙasa da wata igiyar ta saita teburin, ba ya ihu, fito kawai yake yi. Teburin ya tashi a hankali, a naɗe cikin barguna. Herminia na gefen tsohon ta dafe ƙirji. Tun rasuwar mahaifinta ba ta ga mutumin da ya san aikinsa haka ba.

Teburin na daidai hawa na huɗu aka ci ƙwallo. Kowace taga a titin ta fashe da ihu. Wani a rufin ya waiwaya, igiya ta saki taku guda, teburin ya nufi gilashin maƙwabta gadan-gadan. Herminia ta rufe ido.

Tsohon ko gezau. Ya kafa dugadugansa, ya kwanta baya da igiyar, ya yi fito ɗaya mai kaifi. Teburin ya tsaya cak, tazarar tafin hannu tsakaninsa da gilashi. Daga nan ya ci gaba da hawa, Tano ya sauko ya tarbe shi ta taga.

Sai da aka dire shi tsakiyar falon Don Evaristo ya hauro yana haki.

"Wa ya ci?"

"Mu aka ci, tsoho."

"Gara da ban gani ba." Ya yaye bargunan, ya shafa katakon da tafin hannunsa da igiya ta saɓule. "Doña, wanda ya yi wannan ba wasa ya zo yi duniya ba. Dubi launi!"

Herminia ta duba. Ranar yamma ta kwanto ta tagogin uku ta sauka a kan teburin. Tun tana yarinya ta ɗauka baƙi ne. Ashe ja ne, mai ratsin ruwan zuma. Ta zauna a gefensa ta yi kuka sosai, don ta san shi ma mahaifin nata a duhun shagon nan ya gama shi, bai taɓa ganinsa haka ba.