Mubina a Aji Uku

Bakin Usama ya fi injinsa gudu. A kamfanin roba na Sharaɗa, inda yake fitar da butoci da bokitai daga safe zuwa la'asar, kowa ya san idan Usama ya tsare ka da zance sai ka yarda da abin da ba ka yi niyya ba. Shi ya samo wa mijin yayarsa Hansatu aikin gadi a kamfanin, shi ya kama musu ɗaki a Ɗorayi, har suka tattaro daga Damagaram. Wannan duk alheri ne. Inda ya tafka ta shi ne maganar Mubina.

Mubina 'yar Hansatu ce. Ta gama firamare a can, ita ce ta ɗaya a ajinsu, sunanta ya fito za ta shiga kwaleji, wato sakandaren can. Kakarta ta wajen uba ta ce a bar mata yarinyar ta ci gaba da karatunta. Sai Usama ya bugo musu waya, ya karɓe zancen.

"Haba Hajiya, Kano ce fa! Makaranta a nan kowane lungu akwai. Gwamnati ma cewa ta yi dole yaro ya yi har ƙaramar sakandare. Ni zan kai ta da kaina, kafin azahar ta zama 'yar sakandare."

"Usama, da Faransanci fa ake koya musu," in ji Hansatu.

"Yaya, boko ai boko ne. Biyu da biyu huɗu ne, ko a Damagaram ko a Dubai."

Hansatu ta yi dariya, aka taho da yarinya.

Ranar da aka koma makaranta ya fesa turare, ya riƙo hannun Mubina har ofishin shugabar wata makaranta a unguwar. Aka ba ta gwaji. Takardar Turanci ta yi ta kallo kamar ta ga baƙo a tsakar gidansu. Da aka zo lissafi kuwa biro ya yi ta gudu, ta ja layukanta irin na can, ta ajiye amsa a wani gefe daban.

Shugabar ta gyara tabarau. "Amsa daidai, amma ban ga ta inda ta biyo ba. Yarinyar nan kanta na ja. Sai dai ba ta jin ko 'zo' da Turanci, kuma mu komai da shi muke yi. In na sa ta a sakandare na cuce ta. Ta zauna aji uku na firamare, ta kama harshen tukuna."

"Aji uku? Hajiya, wannan ai ta isa ta goya 'yan aji uku!"

"To kawo mini wata dabarar."

Usama ya ja hannun Mubina suka fita. Ya gwada wata makarantar, can ma maganar ɗaya ce, dole aka sa ta a aji ukun. A gida ya ce wa Hansatu na ɗan lokaci ne.

A kamfani kuwa tuni ya riga ya cika baki cewa Mubina ce za ta zama shugabar ɗalibai. Dorkas, 'yar Kafanchan da ke ɗaure kaya a bayan injinsa, ta tare shi.

"Oga Usama, ina 'yar Faransarmu? An ba ta hedigel ɗin?"

Ya faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa. Dorkas ta saki igiyar hannunta.

"Wadda ta gama aji shida? Shekara huɗu ka cinye mata ke nan. Kai, bakin nan naka da ana sa masa kwaɗo da mun huta."

Da a ce wata rana ce da ya rama har sai ta nemi sulhu. Ranar sai ya koma kan injinsa, butoci na faɗowa, shi bai ma ganin su.

Lokacin cin abinci ya tsallake, ya hau adaidaita, ya saya wa Mubina gurasa mai zafi da niyyar ya ba ta dariya. Da ya isa makarantar ya leƙa ta tagar ajinsu. Ga ta can a layin baya, gwiwoyinta sun ƙi shiga ƙarƙashin benci, ta zauna a karkace. Yara na rera sunayen ranakun mako da Turanci, ita kuma leɓenta na motsi babu sauti. Wata 'yar mitsitsiya ta ja mata hijabi. "Anti, ɗaura mini takalmina." Mubina ta sunkuya ta ɗaura.

Usama ya ja da baya kafin ta ɗago. Gurasar mai gadin makarantar ya ba.

Da yamma ya tarar da Hansatu tana tankaɗe. Ya tsuguna, abin da bai saba yi ba.

"Yaya, su can yaushe suke komawa makaranta?"

"Sai farkon Oktoba."

"Af! Ai ba a koma ba ke nan! Gurbinta na nan!"

"Na sani."

"Kin sani kika yi shiru?"

Ta ajiye rariya. "Kana zaton daɗin bakinka kaɗai ya sa na taho da ita? So nake in ji wani ya ce ba komai, kai kuma ka ce. Tunda na haife ta ba mu taɓa raba ɗaki ba. In ta koma, sai hutu zan gan ta." Ta goge ido da bayan hannu, gari ya shafe mata kunci. "Babanta ya ce duk abin da na yanke. Amma kai za ka kira Hajiya kakarta, kai za ka mayar da ita. Ni ba zan iya ba."

Aka kira Mubina daga ɗaki, ta fito da ƙaninta Abdulbaqi, jinjiri, a kafaɗa. Usama ya tambaye ta ko tana son komawa. Idonta ya yi haske, sai kuma ta dubi uwarta.

"Kawu, in na tafi wa zai riƙe wa Inna shi in tana girki?"

"Ni mana. Ina tashi aiki nan zan yo."

"Kai da ba ka iya zama wuri ɗaya ba?"

"Zan koya."

Ranar Asabar da safe Hansatu ta zaunar da ita a tsakanin ƙafafunta tana yi mata kitson tafiya, a hankali, kamar ba mota ke jira ba. Usama na tsaye da jinjirin, yana ta laluben abin da zai faɗa a yi dariya. Ya rasa.

Da aka gama, Mubina ta ninke kayan makarantar aji uku tsaf, ta miƙa masa.

"Kawu, ka ba wata. Ba su tsufa ba."

Ya karɓa. Hansatu ta amshi ɗanta, ta shige ɗaki, ta saki labule. Ba ta raka su ko zaure ba. Usama ya ɗauki jakar, suka fita neman adaidaitar da za ta kai su tasha.