Ƙwallon da Cordell Ya Saki

Ƙanena Cordell Batiste, tun yana ɗan mitsitsi ba abin da za ka jefa masa ya taɓa ƙasa. Wasansa shi ne ƙwallon nan da ake cafewa da hannu a ruga da shi, sai an ƙetare layin ƙarshe a ci. Babanmu ne ya horar da shi a filin bayan gidanmu a garin Opelousas, yau da jiƙaƙƙen ƙwallo, gobe da sabulu. Dokarsa ɗaya ce: "Ka cafe, ka riƙe gam har ka ƙetare layin ƙarshe. Rawa kuwa ka bar wa 'yan biki."

To, ja'irin ya shiga jami'a ya yi suna, kai ya kumbura. A wasan ƙarshe na gasa ya cafe ƙwallo ya bar kowa a baya, sai ya hau rangwaɗa, ya saki ƙwallon yana ɗaga hannu sama. Ashe saura taku ɗaya ya kai layi. Abokan karawa suka wawure, aka cinye mu. Baba ya miƙe ya fice, ya rantse ba zai ƙara kallon wasansa ba.

Cordell ya shiga wasan ƙwararru ya zama tauraro, yara har coci suke zuwa da rigarsa. Ya saya wa Baba talabijin mai girman ƙofar gareji, Baba ya juya fuskarta bango. Abin ya ci yaron nan ƙwarai, ni ma ya ci ni.

Da gwiwar Cordell ta gaji ya ce zai yi ritaya, na sami Baba yana juya tukunyar miyar gumbo.

"Baba, Lahadin nan ce ta ƙarshe. Ko ka taso, ko in ciccibe ka har da kujerar."

"Ke Odessa, bakinki ya fi ki girma," in ji shi. Amma ya ɗauko hularsa.

Ranar Lahadin, ana dab da tashi daga wasan, ana gabanmu da ci, mai jefawa ya cilla ƙwallo can sama. Cordell ya daka tsalle tsakanin ƙarti biyu, ya cafe da hannu ɗaya, ya diro, ya zura a guje. Ban san sanda na hau kan kujera ina kururuwa ba! Ya rungume ƙwallon a ƙirji kamar jariri, ya ƙetare layi, bai tsaya ba. Alƙalin wasa ya miƙo hannu zai karɓi ƙwallon, ya wuce shi, sai da ya iso shingen da muke zaune.

Ya miƙa wa Baba yana haki. "Na ƙetare da shi, Baba. Ka gani?"

"Na gani," in ji Baba, ya karɓa. Ni kam kuka na fashe da shi, ba kunya.

A mota na ce wa Baba ya ba ni ƙwallon in riƙe masa, ya harare ni. Da muka iso gida, gumbo ma da hannu ɗaya ya sha.